Tetra: Ɗan Kifin da Ba Ya Zama Shi Kaɗai

Yau batun kiwo za mu taɓa, sai dai ba na kaji ko tumaki ba, ba kuma kiwon tarwaɗa na kasuwa da kunnuwanmu suka saba da shi ba. Kifin ado ne a gabanmu, irin wanda ake ajiyewa a akwatin gilashi a falo ko ofis ko ɗakin jiran likita, don kallo da sanyaya rai. A cikin kifayen adon ma mun ware wasu 'yan ƙanana masu yawo a garke, waɗanda ake kira tetra. Suna cikin kifayen da aka fi saye a duniya, suna kuma cikin waɗanda suka fi mutuwa a hannun sabon mai kiwo, galibi tun kafin su cika wata guda a gida. Wannan mutuwar ce ta dame ni, domin mafi yawanta ana iya kauce mata.

Bari in fara kwatanta muku kifin, tunda rediyo ba ta nuna hoto. Wanda ya fi suna shi ne niyon. Tsawonsa santimita 3 zuwa 4 ne idan ya gama girma. Yana da zane shuɗi mai walƙiya da ya taso daga ido ya nufi wutsiya, ƙasan zanen kuma daga tsakiyar ciki zuwa wutsiya ja ne wur, gaban cikin fari fat. Masanin kifaye George Myers na Amurka ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1936. Yana da ɗan'uwa da ake kira kadinal, wanda aka bayyana a 1956. Ga mai kallon farko duk ɗaya ne, amma in ka kura ido za ka ga jan kadinal ya game ƙasan jikinsa tun daga kai har wutsiya, na niyon kuwa rabi ne. Akwai kuma emba, ɗan mitsitsi mai launin garwashi wanda bai wuce santimita 2 ba, daga kogin Araguaia na Barazil, shi sai a 1987 aka san da shi a littattafan masana.

Wannan shuɗin zanen ba rini ba ne. Wasu ƙananan lu'ulu'ai ne a jere cikin fatar kifin, haske ya faɗo musu su mayar da shi. Shi ya sa in ka tashi da asuba ka kunna fitila ba zato, za ka tarar da kifayenka sun koɗe, ka ɗauka ciwo ne ya kama su cikin dare. Lafiyarsu ƙalau, barci suke. Ba su ɗan lokaci launin zai dawo.

To daga ina suka fito? Wanda zai riƙe dabba ya kamata ya san garinsu. Niyon ɗan ƙoramun yammacin Amazon ne, inda ƙasashen Peru da Kolombiya da Barazil suka haɗa iyaka. Kadinal kuma gidansa kogin Rio Negro a Barazil da saman kogin Orinoco. Ruwan Rio Negro launin shayi gare shi, saboda ganyayen da ke zuba daga dajin suna jiƙa a ciki shekara da shekaru. A kusa da birnin Manaus, inda ya haɗu da kogin Solimões mai ruwan laka, ruwan biyu kan yi tafiyar kilomita kusan 6 gefe da gefe ba su gauraya ba, baƙi a nan, ja-ja a can. Na Rio Negro ruwa ne mai laushi, ba gishirin ƙasa a cikinsa sai ɗan abin da ba a rasa ba, mai tsami, inuwa ta rufe shi, ƙasansa shimfiɗe da ganye da rassan itace. Idan damina ta yi, kogin kan cika ya malala cikin daji, kifayen su bi ruwan su shiga tsakanin bishiyoyi su yi ƙwai su hayayyafa. In rani ya shigo ruwa ya janye, da yawansu kan maƙale a kududdufai su mutu.

Akwai wani gari a bakin wannan kogi mai suna Barcelos, kimanin kilomita 400 daga Manaus, wanda mutanensa suka daɗe suna cin abinci da kama kadinal. Da kwalekwale da ɗan koma na hannu suke shiga lungunan dajin, su tara kifin a kai Manaus, daga nan jirgin sama ya raba shi duniya, miliyoyi a shekara. A 1991 wani masani mai suna Ning Labbish Chao ya kafa shirin Project Piaba a yankin, bisa hujjar cewa mutumin da ke samun abincinsa daga kifin daji ba zai so a sare dajin ba, tunda in babu inuwa da ganye babu kadinal. Har bikin kifin ado suke yi a garin kowace shekara. Niyon ɗin da ake sayarwa yanzu kuwa, kusan dukkansa haifaffen gonakin kifi ne na kudu maso gabashin Asiya, bai taɓa ganin Amazon ba. Wannan ya sa ya ɗan fi jure ruwan da ba irin na gidansu ba, amma halin kakanninsa na nan a jikinsa: yana son inuwa, yana son tsabta, yana son 'yan'uwa.

Mu ɗauki batun 'yan'uwan. Za ka ga mutum ya shiga shago, ya ga kifin ya burge shi, ya ce a ba shi guda biyu, a zuba masa a kwalba mai faɗin baki, ya kai gida ya ɗora kan tebur. Jama'a, wannan ba kiwo ba ne, ɗauri ne. Tetra kifi ne da kowa ke ci a kogi: manyan kifaye, tsuntsaye, har ƙwarin ruwa. Ba shi da ƙaya, ba shi da dafi, ba shi da ƙarfi. Makaminsa guda ɗaya ne, yawa, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In suna ɗari, ido ɗari biyu ne ke gadi, kuma mafarauci kan rasa wanda zai kama idan suka watse suka sake haɗewa. A gefen jikin kowanne akwai wani layi na jijiyoyi da ke jin motsin ruwa, shi ke taimaka masa ya san inda na kusa da shi ya juya. Akwai ma abin da ya fi haka. A 1938 masanin nan ɗan Ostiriya, Karl von Frisch, ya gano cewa wasu ƙananan kifaye idan aka ji wa ɗaya rauni, fatarsa kan saki wani sinadari a ruwa, sauran su shaƙa su tsere. Dangin tetra na cikin masu wannan baiwa.

Dabbar da aka halitta a haka, in ka ware ta ita kaɗai ko su biyu, kullum cikin fargaba take. Za ta laɓe a kusurwa, launinta ya dushe, ta rage cin abinci, ciwo kaɗan ya kayar da ita. Shida shi ne mafi ƙarancin da masu kiwo suka yarda da shi, ni kuwa shawarata goma zuwa sha biyu, kuma iri ɗaya. Niyon uku da kadinal uku da emba uku ba garke ba ne, marayu ne gida uku. Kuma mu tuna, duk dabbar da ka tsare ta zama amana a wuyanka. Mun san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Kifin da ke akwatinka ya fi kyanwar nan rashin mafita, domin ko numfashinsa a hannunka yake.

Akwatin da ya dace da garken goma shi ne mai tsawon santimita 60, wanda ke cin lita 55 zuwa 60. Tsawo ya fi zurfi amfani, tunda su a kwance suke yawo, daga wannan gefe zuwa wancan. Sabon mai kiwo kan zaci ƙaramin akwati ya fi sauƙi. Akasin haka ne: ruwa kaɗan saurin ɓaci gare shi, saurin zafi, saurin sanyi. Ka kuma tuna kowace lita kilo guda ce, in ka haɗa da gilashi da yashi nauyin ya haura kilo 70, don haka teburin roba ba zai ɗauka ba. A samu wuri mai ƙarfi, shafaffe, nesa da taga. Rana in ta bugi akwati kai tsaye, ruwa zai yi zafi, gansakuka ta rufe gilashin cikin 'yan kwanaki. A yi masa murfi saboda ƙura da yara da kyanwa, kuma kifin kansa yakan yi tsalle in ya firgita.

A ƙasa a shimfiɗa yashin rafi da aka wanke sosai, ko ƙananan tsakuwa masu duhu, launin kifin ya fi fitowa a kan ƙasa mai duhu. In za ka sa dutse, ɗiga masa binega tukuna. In ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa, zai taurara ruwan, a ajiye shi gefe. Sai tsirrai masu rai. Akwai wani da nake so ƙwarai mai suna anubiyas, wanda asalinsa ma namu ne, daga ƙoramun dajin kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru aka yaɗa shi duniya. Ba ya son haske da yawa, ba ya saurin mutuwa. Sharaɗinsa ɗaya: kada a binne kaurin jijiyarsa a yashi, zai ruɓe. A ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace, da kansa zai kama. A cika baya da gefuna da tsirrai, a bar tsakiya fili don yawo.

Yanzu mun iso inda nake so kowa ya gyara zama, domin a nan ne yawancin kifaye ke halaka. Ka sayi akwati, ka zuba ruwa garai-garai, ka saki kifi ranar. Kwana uku lafiya, kwana biyar lafiya. Sai a mako na biyu ka wayi gari biyu sun yi rigingine, gobe uku, jibi saura. Ka duba ruwan, tas yake. Sai ka ce mai shago ya cuce ka, ko kifin ba ya son ƙasarmu. Ruwa ba ya tsami banza, ga abin da ya faru.

Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya, mafi yawanta ta wurin jan naman nan na ƙarƙashin kumatunsa da yake numfashi da shi. Kashinsa da ragowar abinci su ma in sun ruɓe amoniya suke zama. A kogi ba komai, ruwa ya tafi da ita. A akwati ba inda za ta je, kuma ba ta da launi da za ka gani. Tana ƙona wurin numfashin kifin, ka gan shi a saman ruwa yana haki. Allah da ikonsa, akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cin amoniya su mayar da ita wani sinadari, naitirait. Shi ma guba ne, yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iska. Sai wani rukunin bakteriyar ya ci wannan ya mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, tsirrai ma taki suke ɗaukarsa. Sunayen biyu na ƙarshe sun yi kama a kunne, don haka ku riƙe shi haka: guba ta farko, guba ta biyu, sai taki. Matsalar ita ce sabon akwati babu waɗannan ƙwayoyi a cikinsa da yawan da zai wadatar, kuma yaɗuwarsu a hankali take. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu.

Saboda haka, ruwa ake fara kiwo kafin kifi. Ka haɗa akwatinka, ka zuba ruwa, ka dasa tsirrai, ka kunna matata, ka bar shi babu kifi ko ɗaya. Kowace rana ko bayan kwana biyu ka ɗan barbaɗa abincin kifi kaɗan, ya ruɓe ya ba ƙwayoyin abin ci. Ruwan zai iya yin fari-fari a makon farko, kada ka zubar, zai washe da kansa. In kana da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, roƙe shi guntun soson matatarsa ka sa a taka, ka rage kwanakin jira sosai. Akwai ruwan gwaji da ake sayarwa a shagunan kifin ado, ana ɗiga shi a ɗan ruwan akwati launi ya nuna yawan gubar. Ranar da guba ta farko da ta biyu suka sauko sifili bayan sun hau, akwati ya nuna. Wanda bai samu abin gwaji ba ya cika mako shida, sannan ya sa rabin garken, bayan mako biyu ya ƙaro sauran.

Su waɗannan ƙwayoyi a jikin soson matata suka fi zama, da yashi da tsirrai. Matata mafi sauƙi ita ce ta soso, wadda ɗan injin iska ke hura wa kumfa ta siririn tiyo. Ba ta da tsada, ba ta cin wuta, ba ta kuma jan ruwa da ƙarfin da zai wahalar da ƙaramin kifi. Amma ga inda masu tsabta ke yin ɓarna. Uwargida ta ga soso ya yi baƙi, ta cire shi ta wanke da sabulu a bakin famfo, ta juye akwatin ta goge shi ƙal, ta mayar da kifi cikin sabon ruwa. Niyya mai kyau, amma an kashe aikin mako shida a minti goma. Soso ba a wanke shi sai a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, a matse shi sau biyu ko uku a bokiti a mayar. Sabulu da omo kuwa ba sa kusantar akwatin kifi har abada. A ware masa bokitinsa da ba a wanki da shi.

Abin da ake yi shi ne canjin kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, wato lita 15 a akwatin lita 60. A zuƙo da tiyo daga ƙasa, inda datti ke kwanciya, a zuba wa shukar gida, za ta gode. Sannan a mayar da sabon ruwa a hankali, wanda ɗuminsa ya yi daidai da na ciki. A ƙasarmu ruwa kan ƙafe da sauri, musamman da hunturu, sai mutum ya riƙa cikawa kawai yana ganin ya yi canji. Abin da ya tashi sama ruwa ne zalla, gishiri da datti na nan suna taruwa. Ciko daban, canji daban.

Wane ruwa za a zuba? Ruwan famfo yana da kulorin, wanda ke kashe kifi da ƙwayoyin matata baki ɗaya. In aka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya yini, kulorin kan fice. Sai dai wasu matatun ruwa na amfani da wani nau'insa da ba ya fita ta haka, don haka maganin kashe kulorin da ake ɗigawa ya fi kwanciyar hankali. Ruwan rijiyar burtsatse ba kulorin, amma a wasu unguwanni yana da nauyi. Alamarsa sananniya ce: sabulu ba ya kumfa sosai, kuma farin abu na daskarewa a gindin tukunyar dafa ruwa. Irin wannan a surka shi da ruwan sama mai tsabta, ban da na farkon damina da ya wanko ƙurar kwano. A ma'aunin tsamin ruwa, tetra ya fi son 6 zuwa 7, haifaffen gona kan jure har 7.5. Kada dai ka shiga zuba sinadarai yau ka ɗaga gobe ka sauke. Ruwan da bai cika daidai ba amma yana nan yadda yake kullum ya fi wanda ke hawa da sauka.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, batun kiwon ƙananan kifayen tetra muke yi a akwatin gilashi. Saura abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne babbar jarrabawarmu: zafi.

Niyon ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 da 26 a ma'aunin Salsiyos. Mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40 a waje, ɗakin kwano kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. Ruwan akwati zai iya kai 32 ko fiye. Abu biyu ke haɗuwa a lokacin. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: a digiri 20 lita guda na ɗauke da kusan miligiram 9 na iskar shaƙa, a digiri 30 ya sauko kusan 7 da rabi. Shi kuma kifin jikinsa na ƙara gudu da zafi, yana neman iska fiye da da. Buƙata ta hau, abin ya ragu, kuma amoniya ta fi yin illa a ruwan zafi. Don haka zan faɗi ra'ayina kai tsaye: in gidanka ba na'urar sanyaya ɗaki, kuma kana garuruwan nan masu zafi, ka haƙura da niyon komai kyansa. Kadinal da emba sun fi shi jure ɗumi, suna zama lafiya har digiri 28 ko 29. Mutumin Jos ko Mambila shi ne zai riƙe niyon hankali kwance, sai dai shi kuma sanyi zai yi wa tanadi.

Ko da kadinal ɗin ne, sai an taimaka masa da bazara. A sayi ma'aunin zafi na cikin ruwa, shi ne abu mafi arha kuma mafi amfani a duk kayan. A ajiye akwatin a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. A ɗaga murfi a sa raga a madadinsa, a saita ƙaramar fanka tana busa saman ruwa. Dabarar randa ce: ruwan da ke tashi sama yana tafiya da zafi, na ciki ya huce da digiri 2 ko 3, kuma busasshiyar iskarmu ta arewa ta fi kowace dacewa da wannan. A rage kunna fitilar akwati da rana, a ƙara kumfar iska, a rage abinci. Kada a jefa ƙanƙara tsirara a ciki. Saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa kisa.

Da hunturu kuma labari ya juya. Daren Disamba da Janairu sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15 a yawancin arewa, rana ta fito ya hau. Wannan hawa da sauka shi ke buɗe ƙofa ga ciwon fararen ɗigo, inda za ka ga jikin kifi da fiffikensa sun yi tsabar fari, yana goga jiki a dutse. Yana da magani a shago kuma yana jin magani in an kama shi da wuri. Hita ta cikin ruwa mai wat 50, a saita ta a digiri 25 ko 26, ta ishi akwatin lita 60. In ba wuta, a lulluɓe akwatin da bargo da dare.

Batun wuta kuwa ba sai na faɗa muku ba. Idan aka ɗauke ta, kumfa ta tsaya, kifi da ƙwayoyin matata duk suna jiran iska. Yanzu akwai ƙananan injinan iska da ke aiki da batir, ko da fawa bankin cajin waya, ko a jona su da sola. Ni a ganina wanda bai tanadi wannan ba bai gama sayen kaya ba. In ta kama dole, a riƙa ɗibar ruwan akwatin da kofi mai tsabta ana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci, kuma kada a ba da abinci sai wuta ta dawo.

Abinci, sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Bakinsu ƙarami ne, a murtsuke abincin da yatsa ya yi laushi. Ƙwayar abincin tarwaɗa ba tasu ba ce, ta yi girma ta yi maiƙo. Kifi ba ya nuna ya ƙoshi, duk sanda ka matso zai taso, yara kuma sai tausayi ya kama su, kowa ya wuce ya barbaɗa. A naɗa mutum ɗaya a gida mai ba da abinci, a ɗaga gwangwanin inda hannun yara ba ya kai. Lafiyayyen tetra zai yi kwana biyu ko uku ba ci ba abin da zai same shi, amma cin da ya wuce kima kan ɓata ruwa a dare ɗaya. In ka ga 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a wani ruwa mai tsabta a gida, tace su ka ba kifin, ka zubar da ruwan. Ka ciyar, ka kuma rage sauro.

Tunda mun ambaci sauro, ga gargaɗi da babbar murya. Maganin sauro na feshi, da fiya-fiya, da na kunnawa mai hayaƙi, guba ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya isa ya share akwati. Injin iska kuma zuƙo iskar ɗakin yake yana turawa cikin ruwa. In za a yi feshi, a kashe injin, a rufe akwatin ruf da leda ko jiƙaƙƙen zane, sai ɗaki ya sha iska sannan a buɗe a kunna. Mafi alheri ma a bar feshi a ɗakin, a koma gidan sauro. Haka hannun da ke da man shafawa ko turare ko kananzir, a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin a tsoma.

Ranar saye, kada ka yi sauri. Tsaya gaban akwatin mai shago ka kalla na ɗan lokaci. Garken na tafiya tare? Akwai matacce a ƙasa? Akwai wanda ya ware, ko launinsa ya yi fari a wani sashe, ko bayansa ya lanƙwashe? In ka ga haka, bar akwatin gaba ɗaya. Akwai wata cuta da ake kira ciwon niyon, wata ƙwaya ce ke shiga tsokar kifin ta cinye ta, kuma har yau ba ta da magani. Tana yaɗuwa idan lafiyayyu suka ci naman wanda ya mutu, shi ya sa ake cire mara lafiya da matacce nan take. In ka iso gida, ɗora ledar a saman ruwan akwatin minti 15 zuwa 20 ɗuminsu ya daidaita, ka riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan, sannan ka kwashe kifin da 'yar raga ka sake su. Ruwan shago a zubar, kada ya shiga naka. Kashe fitila ranar, abinci sai gobe. Duk kifin da za ka ƙaro daga baya, ya yi mako 2 zuwa 4 a wani mazubi daban tukuna.

Abokan zama kuwa, ƙa'idar gajeriya ce: duk kifin da bakinsa zai ɗauki tetra zai haɗiye shi wata rana. Ɗan tarwaɗa ko ɗan ƙarfasa da yaro ya kamo a kududdufi ba ya shiga, haka kifin zinariya, wanda ruwan sanyi yake so kuma ƙazantarsa yawa gare ta. Ƙananan kifayen ƙasa da ake kira koridoras su ne maƙwabtan kirki, su ma a garke.

Kada kuma mu ɗauka dangin nan baƙi ne a wurinmu. Kawara da masuntanmu ke kamawa, da tsage mai haƙora, duk babban gida ɗaya suke da tetra. In ka duba bayan kawara, tsakanin fiffiken sama da wutsiya, za ka ga wani ɗan ƙaramin fiffike na tsoka, irinsa ne a jikin niyon. A ƙasan kogin Neja da kogin Ogun ma akwai wani tetra mai manyan ɓawo da jan ido, wanda ake fitarwa ƙasashen waje ana ado da shi, sai dai shi ya fi girma, akwatin mita guda ko fiye yake buƙata.

Tetra da aka riƙe da kyau yakan yi shekara uku, wani har biyar. Mai niyyar farawa, je ka haɗa akwatinka, ka rubuta ranar da ka zuba ruwa a jikin kalanda, kada ka koma shagon kifi sai mako shida sun cika. Wanda kuma yake da biyu a kwalba yanzu haka, don Allah ya canza musu kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan yau, ya rage abinci, ya fara neman akwati da 'yan'uwansu, ko ya miƙa su ga wanda ke da wurin.